Brno, MAS 45 ko Browning: wace tsohuwar bindigar 22 ce ta dace da mai harbi a Yamai?

Duk wanda ya kamu da sha'awar tsofaffin bindigogi masu ƙaramin harsashi, waɗanda aka fi sani da karabin 22, yakan tarar da kansa tsakanin buƙatu biyu da ba kullum suke tafiya tare ba. Akwai son mallakar abin tarihi a ajiye shi yadda masana'anta ta fito da shi, akwai kuma son bindigar da za a fita da ita a auna takarda daga mita 50 a ga harsasai sun taru wuri ɗaya. Tunda izinin riƙe makami ba abu ne da ake samu cikin sauƙi ba, kuma yawancin masu sha'awa ɗaya za su riƙe ko biyu, zaɓin farko yana da nauyi ƙwarai. Waɗanda zan gwada da juna su ne Brno samfuri na 2 ta ƙasar Cekoslobakiya, da MAS 45 ta sojan Faransa, da TOZ ta Tarayyar Sobiyet, sai kuma masu ɗura kansu irin Browning ta Beljiyam da Reina ta kamfanin Manufrance. A ganina Brno ce ta fi dacewa da mafi yawan mutane a wannan gari mai ƙura da zafi, amma akwai waɗanda wata daban za ta fi yi wa amfani, kuma zan nuna ko su wane ne.

Maganar takarda ce a gaban maganar ƙarfe da katako. A Nijar ma'aikatar cikin gida ce ke ba da izinin mallakar bindiga, izinin kuma na mutum ne da sunansa, kuma tsufan bindiga ko ƙanƙantar harsashinta ba ya fitar da ita daga hukuncin makami. Tun 1994 ƙasar ke da hukumar tattara haramtattun makamai, wato CNCCAI, kuma a watan Maris na 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihohin Tillaberi da Tawa, saboda haka wanda jandarmomi suka tare a shinge da bindiga marar takarda ba zai samu mai sauraron bayaninsa na cewa shi mai tara kayan tarihi ne ba. Farauta ma tana da nata izinin daban a ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998. Abin da ke tafe na wanda ya bi wannan hanya ne.

Abin da ya haɗa bindigogin nan duka shi ne harsashinsu. A harsashin soja da na bindigar farauta mai lamba 12, sinadarin da ke kunna albarushi yana cikin wata ƴar ƙaramar hula a tsakiyar gindin kwanso. A harsashin 22 kuwa an zuba shi ne cikin leɓen da ya kewaye gindin, sai allurar bindiga ta daki leɓen ta matse shi a jikin bakin mazaunin harsashi, wuta ta tashi. Bafaranshe Louis-Nicolas Flobert ne ya fito da wannan dabara a 1845, kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya samar da gajeren 22 a 1857, sannan a 1887 kamfanin Stevens ya fito da 22 Long Rifle, wanda ake taƙaitawa LR, shi ne kuma ake nufi a yau idan aka ce 22 kawai. Kaurinsa milimita 5.6 ne, nauyin dalmarsa da aka saba giram 2.6, kuma nau'in da ake harbin takarda da shi yana fita da gudun kimanin mita 330 a sakan ɗaya.

Tunda siffar harsashin ba ta canja ba tun 1887, bindigar da aka ƙera a 1955 tana cin harsashin da aka yi bana, abin da ba za a iya faɗa ba game da tsofaffin makamai da yawa. Dalma ƙarfe ce mai taushi, albarushin kuma kaɗan ne, don haka harbi kansa da wuya ya cinye bututu ko da an harba dubbai masu yawa. Abin da ke kashe shi shi ne tsatsa da sakaci da yawan zura masa sandar ƙarfe ta baki. Raunin tsarin yana wurin allura, domin a tsofaffin samfura da yawa idan aka saki kunama babu harsashi a ciki, allurar takan daki bakin mazaunin kai tsaye ta lotsa shi. Kwanson da aka harba kuma ba ya sake ɗuruwa, saboda haka mai 22 ya dogara kacokan ga dillalin da ke da izinin shigo da harsasai, ya kuma karɓi irin wanda ya tarar. Wannan batu na ƙarshe shi ne zai raba gardama tsakanin masu sakata, wato waɗanda ake ja da tura ƙarfen ɗuri da hannu bayan kowane harbi, da masu ɗura kansu.

Masana'antar Zbrojovka ta birnin Brno ta fara da samfuri na 1 jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta biyo da samfuri na 2, mai lamba ZKM 452, a tsakiyar shekarun 1950. Daga baya aikin ya koma masana'antar CZ a garin Uherský Brod, aka ci gaba da ƙera ta da ƴan sauye-sauye da sunan CZ 452 har wajen 2010, lokacin da CZ 455 ta zo ta maye gurbinta. Kamfanin Norinco na ƙasar Sin ma ya kwaikwaye ta ya sa mata suna JW-15. Ma'anar wannan dogon tarihi ga mutumin Yamai ita ce kayan gyara. Sharja, wato gidan harsasai mai cirewa, shi ne abin da ya fi ɓacewa daga tsohuwar bindiga, kuma na CZ da ake ƙerawa yanzu, mai cin biyar ko mai cin goma, yana shiga Brno ta 2. Haka ma allura da sifirin da ƴar ƙugiyar da ke fizgo kwanso, ba su gagari mai nema ta hannun dillali ba. Matsayinta a cikin bindigogin 22 shi ne matsayin da Peugeot 504 ta riƙe a zamaninta, lokacin da kowane gareji daga Yamai zuwa Damagaram ya san cikinta kuma yake da kayanta.

A hannu, Brno tana da nauyin kusan kilo uku, wanda ya isa ya kwantar da ita a kafaɗa ba tare da ya gajiyar da mai ɗauke da ita ba. Jikinta ƙarfe ne da aka sassaƙa, ba gwangwanin da aka lanƙwasa ba, saitinta na baya kuma mai zamewa ne da aka rubuta wa nisa daga mita 25 zuwa 200, ko da yake abin da ya wuce mita 100 ado ne kawai ga wannan harsashi. An yi mata tsaga a sama domin ɗaura madubin saiti, wanda babban abu ne ga mai raunin ido. Sakatarta tana fita gaba ɗaya, ana iya warware ta a goge ba tare da kayan aiki na musamman ba, kuma idan ta fita ana wanke bututu daga baya, ta yadda sanda ba za ta ci bakinsa ba. Aibobinta sanannu ne. Kunamarta tana ɗan ja kafin ta saki, hannun sakata yana ɗagawa sama sosai har ya tilasta a ɗaura madubi da tudu, makullinta kuma a juye yake da na yawancin bindigogi, domin tura shi gaba ne kullewa, janyo shi baya ne buɗewa. Wanda hannunsa ya saba da wata bindigar sai ya zauna ya koyi wannan da bindiga wofi kafin ya sa harsashi, kuma kamfanin da kansa ya juya tsarin a CZ 457.

MAS 45 tana da tarihin da ya fi na Brno jan hankali, musamman ga mu da muka yi zama ƙarƙashin Faransa. Bayan faɗuwar Jamus a 1945, garin Oberndorf inda masana'antar Mauser take ya faɗa yankin da sojan Faransa ke riƙe da shi, sai suka sa masana'antar ta ƙera musu bindigar horo mai cin 22 bisa tsarin waɗanda Jamusawa ke koya wa kuratansu harbi da su. Daga baya aka mayar da aikin masana'antar makamai ta gwamnati da ke Saint-Étienne, wadda harufan MAS ke nufi. Bindiga ce da aka yi wa babban mutum, mai kaurin bututu da cikakken katako, ta fi Brno nauyi, kuma ba a goge ƙarfenta ya yi sheƙi ba, an bar shi da wani rufi mai duhu da ke riƙe mai yana hana tsatsa. Wanda ya ɗauke ta zai ji cewa an yi ta ne domin ta jure hannun kurtun da bai san darajarta ba.

Inda ta fi Brno a fili shi ne saiti. Na Brno buɗaɗɗe ne a kan bututu, wanda ke buƙatar ido ya daidaita abubuwa uku a lokaci guda, saitin baya da na gaba da abin da ake auna, kuma idon da ya haura shekara arba'in ba ya iya wannan da kyau. Na MAS ƴar ƙaramar huda ce kusa da ido, mutum ya leƙa ta cikinta ya ɗora kan saitin gaba a kan takarda, idon da kansa ke neman tsakiyar hudar. Tazarar da ke tsakanin saitocin biyu ma ta fi tsawo, wanda ke rage kuskure. Ga wanda harbin takarda da saitin ƙarfe ne sha'awarsa, MAS mai lafiyayyen bututu za ta ba shi abin da Brno ba za ta ba shi ba sai da madubi. Sai dai hudar tana rage haske, don haka da almuru ko ranar da hazo ya rufe gari buɗaɗɗen saiti ya fi ta.

Matsalar MAS babba ita ce an daina ƙera ta tuntuni kuma babu wata bindigar zamani da ta gaji kayanta. Sharjanta mai cin biyar nata ne ita kaɗai, yana da wuyar samu ko a Turai, kuma idan allurarta ta karye sai an samu maƙerin da zai sassaƙa wata ya kuma san yadda ake ba ƙarfe tauri. Ba a yi ta domin ɗaukar madubi ba, wanda ya huda jikinta don ya ɗaura shi kuwa ya zubar da rabin darajarta a wurin masu tarawa. Akwai kuma abin da ya kamata a yi la'akari da shi a halin da ƙasa ke ciki: asalinta na soja ne, kamanninta ma na soja ne, saboda haka ya dace a nuna ta ga hukuma a ji rukunin da za a sa ta kafin a biya ko dala.

TOZ-8 ba ta buƙatar dogon bayani, kuma wannan shi ne abin yabonta. Masana'antar Tula, wadda aka kafa tun 1712, ta fara ƙera ta a 1932 bisa zanen mai tsara makamai Kochetov, kuma da ita aka koya wa matasan Tarayyar Sobiyet harbi shekaru da dama. Harsashi ɗaya take ci, ana sa shi da hannu, don haka babu sharjan da zai ɓace ko ya lanƙwashe. Aikinta ba shi da laushi, katakonta ba shi da kyan gani, amma bututunta mai kauri ne kuma yana kai harsashi inda aka nufa. Domin koya wa sabon shiga ladabin harbi, ban san wadda ta fi ta ba, saboda kowane harsashi sai an tsaya an yi niyyarsa. Ƙanwarta TOZ-17 mai sharja biyar ta fi sauƙin ɗauka, amma ta dawo da matsalar sharjan da ba a samu.

Masu ɗura kansu su ne ke fara sace zuciyar mai saye, kuma Browning ta cancanci hakan. John Browning ne ya zana ta, masana'antar FN ta Herstal kusa da birnin Liège ta fara ƙera ta a 1914, kuma a tsakiyar shekarun 1970 aikin ya koma kamfanin Miroku na Japan, abin da ya sa ƴan Beljiyam suka fi daraja a wurin masu tarawa. Siririya ce, ba ta kai kilo biyu da rabi ba, tana rabuwa gida biyu ba tare da an kwance sukuru ba, ana kuma zuba mata harsasai goma sha ɗaya ta wata ƙofa a gefen katako. Kwanso ta ƙasa yake fita, wanda ya sa samanta da gefunanta a rufe suke, ƙura ba ta samun hanya da yawa, kuma bahago yana harba ta ba tare da kwanso ya gilma masa a fuska ba. Mai sanye da riga mai faɗin hannu dai ya yi hattara, domin kwanso mai zafi yakan faɗa cikin hannun rigar, mutum ya zabura da bindiga ɗure a hannunsa. Mahaɗin bututu da jiki yana sakwarkwacewa da tsufa, an kuma yi masa zoben ɗaurewa saboda haka, amma wanda bai san da zoben ba sai ya zargi idonsa ko harsashinsa.

Duk da haka ba na ba da shawarar ta zama bindigar farko, kuma dalilin ya shafi duk masu ɗura kansu. Ƙarfin harsashin ne ke tura sakatarsu baya ta fitar da kwanso ta ɗauko wani, saboda haka suna zaɓen abinci: harsashi mai rauni ba ya kai sakatar ƙarshe, sai ta cije. Wanda ke zaune inda ake da zaɓin harsasai iri goma zai nemo wanda bindigarsa ke so, amma mu abin da dillali ya kawo shi ne abin da ke akwai. Sannan dalmar 22 a shafe take da kaki daga waje, kuma a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, kakin yana narkewa ya haɗu da toka da ƙurar da ta shiga ya zama danƙo a cikin na'urar. Bindiga mai sakata hannun mutum ne ke motsa ta, tana cin mai ƙarfi da mai rauni, mai tsabta da mai ɗan datti. Reina ta Manufrance tana da wannan matsala, ga kuma ƙarin cewa tsohon kamfanin, wanda aka kafa a 1885, ya durƙushe a farkon shekarun 1980, sharjanta da sifirinta sai a jikin wata matacciyar. Idan da wadda ta kusa tsallake wannan hukunci, to Nylon 66 ce ta Remington, da aka yi daga 1959 zuwa 1989 da jikin roba mai tauri wanda gara ba ta ci kuma kusan ba ya buƙatar mai. Da irinta ne wani gwanin harbi Ba'amurke, Tom Frye, ya harbi guntayen katako 100,010 da ake jefa masa sama a 1959, shida kawai ya kuskure. Amma idan robar ta tsage babu kafintan da zai gyara ta.

Sunan Manufrance yana da nauyi a ƙasashenmu saboda kundin kayansa da ake oda ta gidan waya ya kai har yankunan mulkin mallaka, kuma tsofaffin mafarauta sun san Simplex mai baki ɗaya. Wannan ne ya sa ake samun kayansa a cikin gado, ba duka ne kuma 22 ba. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati a unguwar Yantala, ya taɓa neman in duba wadda mahaifinsa ya bari, domin ɗan ƙanwarsa ya matsa a gwada ta. Aka fito da ita daga ƙarƙashin gado naɗe cikin tsohon bargo, Buffalo ce mai cin harsashi ɗaya, katakonta ya bushe har ya yi fari a wuya. Saurayin ya ce, "Kawu, ai 22 ce, harsashinta ba shi da wuyar samu." Na buɗe ta na ɗaga bututun wajen rana, ko ɗigon haske bai ratso ba, ashe zanzaro ya yi ginin laka a ciki. Da muka fitar da lakar sai ga bututu sumul, babu murɗaɗɗiyar tsagar da ake yi a cikin bututun 22 ko ɗaya, faɗinsa kuma ya kai milimita tara: ƴar bindigar lambu ce mai harba ƙananan ƙwayoyi. Dattijon ya ce, "Malam, dama ban taɓa ganin Baba ya ɗauke ta ba sai lokacin da tsuntsaye suka dami gero." Na ce masa, "Alhaji, wannan ta ajiya ce, kuma abin da ya fi gaggawa shi ne a mayar da takardarta sunanka." Irin waɗannan tsofaffin, ko da an same su a kaurin 22, an yi su ne domin harsasai masu rauni na zamaninsu, kuma sa musu harsashin yau mai gudu ganganci ne.

Manyan sunayen da ake karantawa a intanet ba sa buƙatar ɓata lokaci a nan. Winchester 52 da aka yi daga 1920 zuwa 1980 da Anschütz mai tsarin 54 ta Jamus bindigogin gasa ne masu nauyi da tsada, ba sa nuna fifikonsu sai da zaɓaɓɓen harsashi irin na Eley ko Lapua da fili mai tsari. Marlin 39A kyakkyawa ce, amma kayanta a Amurka suke. Wanda ya ci karo da ɗaya daga cikinsu da takarda sahihiya ya yi sa'a, sai dai ba a gina shiri a kan sa'a.

Lafiyar bindigar da ke gabanka ta fi sunan da ke jikinta muhimmanci, domin TOZ mai tsabtataccen bututu ta fi Brno da tsatsa ta ci. Bayan an tabbatar babu harsashi a ciki, har da wanda kan maƙale a bututun ajiya na irin su Browning da Marlin, sai a cire sakata a leƙa daga baya ana fuskantar farin bango da rana ta haska. Tsagar da ta murɗa cikin bututun ya kamata ta fito da kaifi daga farko zuwa ƙarshe. Idan aka ga wani baƙin zobe a tsakiya, alama ce ta cewa dalma ta taɓa maƙalewa aka harba wata a bayanta bututun ya kumbura, kuma ana tabbatar da haka da tura ƙyalle mai matsewa, wanda zai yi sakwaf idan ya iso wurin. A duba bakin bututun da kyau, domin ɗan ƙaramin rauni a nan yana watsa harsasai fiye da tsatsa a tsakiya. A sa farce a shafa bakin mazaunin harsashi daidai inda allura ke sauka. Idan an ji lotsawa ko ƙarfe ya turo ciki, kwanso zai riƙa maƙalewa, wani lokaci ma harsashi ya ƙi tashi. Mazaunin da aka daɗe ana harba gajeren 22 a cikinsa yakan yi zoben datti ko zaizaya inda gajeren kwanso ke ƙarewa. Waɗanda aka yi amfani da su kafin ƙarshen shekarun 1920 sun fi fuskantar ramukan tsatsa, saboda sinadarin kunnawa na wancan zamani yana barin gishiri mai jan laima. Lambar bindiga kuwa, idan aka ga alamar an kankare ta ko an sake buga ta, ciniki ya ƙare a nan komai arahar abin.

Mai tarawa da mai harbi suna rabuwa a kan abin da ake yi bayan saye. Mai harbi ba ya asara idan wani ya riga ya sake fentin katako, hasali ma yana samun ragi. Mai tarawa kuwa abin da yake biya shi ne asali: rufin ƙarfe na masana'anta ko da ya koɗe, da lambobin da suka dace da juna, da tambarin gwaji, kamar harufan ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai a kan ƴan Liège, ko lambobi biyu na shekarar gwaji da ake bugawa a jikin Brno. Na ga bindigar da aka kai wa mai gyara ya goge ta da samfefa har tambarin ya shafe, ya shafa wa katakon fenti mai sheƙi, ya dawo da ita yana jiran yabo. Abin da tsohon ƙarfe ke buƙata shi ne ɗan siririn man bindiga ko man keken ɗinki, ba baƙin man mota ba, ba kuma man gyaɗa ba, wanda ke daskarewa ya kama allura. Da damina kada a bar ta cikin bargo ko jakar fata, domin suna riƙe laima. Da hunturu a rage mai a cikin sakata saboda ƙura. A kulle ta inda yara ba sa kaiwa, harsasai kuma a wani wurin daban.

Wanda zai riƙe bindiga ɗaya tak, yana son ya harba ta shekaru masu zuwa kuma ya iya gyara ta idan wani abu ya karye, ya nemi Brno ta 2 ko CZ 452 ta farko-farko. Wanda tarihi ya fi ja, kuma saitin ƙarfe ya ishe shi, MAS 45 ce tasa, da sharaɗin ta zo da sharjanta kuma ba a huda ta ba; idan babu sharja, to bindiga mai cin ɗaya ake sayar masa, a yi ciniki a kan haka. Mai koyar da ƴaƴa ko ƙanne a ƙarƙashin kulawarsa ya ɗauki TOZ-8. Browning ta zama bindiga ta biyu, ga wanda ya riga ya mallaki mai sakata kuma yana da haƙurin wanke-wanke.

Ko wacce aka zaɓa, ba a sanin iyakarta sai an gwada mata harsasai, domin bindigogi biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta a kan wanda suke so. Gwajin yana buƙatar wurin da hukuma ta amince da shi mai tudun yashi a baya, saboda dalmar 22 tana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, tana kuma tsalle idan ta daki marmara ko fuskar ruwa, abin da ya sa bakin kogin Isa da fako ba wuraren harbi ba ne. A fita da sassafe kafin iska ta taso, a ɗora bindigar a kan buhun yashi, a harba biyar-biyar daga mita 50 da kowane irin harsashi da aka samu, a fara da masu matsakaicin gudu, waɗanda tsofaffin bututu suka fi jituwa da su. Bayan an canja iri a bar ƴan harbin farko ba a ƙirga su ba, har kakin sabon ya shafe bututun. Bindigar da aka daidaita a mita 50 da irin wannan harsashi za ta sauka ƙasa da kimanin santimita 20 a mita 100, kuma wannan halin harsashin ne, ba laifin saiti ba. Idan aka gano wanda ya fi taruwa, a duba lambar rukunin da aka buga a leɓen kwalinsa, a koma wurin dillali a sayi iya adadin da izini ya yarda daga wannan rukunin, a ajiye shi a ɗaki mai sanyi, ba cikin akwatin mota ba.